Itacen da Ban Saya Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka haifi 'yata ta fari, kuma da ma a ce don farin ciki kaɗai nake tuna ta. Sauran maza in sun tuna irin wannan rana, kukan jariri suke tunawa, da hannuwan da aka yi ta miƙo musu ana barka. Ni abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne ni tsaye a tsakiyar matan unguwa, sanye da kwat a tsakiyar bazara, ina hura yatsuna, jaki yana kuka a ƙofar gida.

Bari in koma baya kaɗan. A shekarun tamanin ina aikin gyaran tarakta a gonakin dawa na Gadambaliya, kusa da garinmu Gadarif, sai aka tura mu kwas wata ƙasa can gabashin Turai, mu koyo injinan girbi. Ban ko cika shekara a can ba. Amma yadda na dawo Gadarif, sai ka rantse a cikin ƙanƙara aka yanke mini cibiya. Ba na buɗe baki sau biyu ban ce "a can" ba. In an kawo shayi, a can ba haka ake dafa shi ba. In akuya ta shigo hanya, a can dabbobi sun san doka. 'Yan unguwa suka laƙaba mini Bashmuhandis, wato babban injiniya, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. (Sai bayan shekaru na lura ba sa faɗinsa sai sun ɗan ja ƙarshensa.)

Cikin duk abin da na gani a can, ba jirgin ƙasa ne ya tafi da hankalina ba, ba kuma dogayen benaye ba. Wata farar tukunyar ƙarfe ce da ke rataye a bangon banɗakin masaukinmu, tana dumama ruwa da lantarki. A nan Sudan sakhan ake ce mata. Ka shigo daga waje haƙoranka na haɗuwa, ka murɗa famfo mai jan baki, ruwan zafi ya zubo maka ba hayaƙi, ba fifita wuta, ba hawaye. Na so abin nan so na haƙiƙa. Har na takura wa mai kula da masaukin ya bayyana mini yadda ake kafa ta, na haddace kamar karatun allo.

Ban daɗe da dawowa ba matata Hawa ta samu ciki. To kun san mu. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yada zango a nan, kuma sun zubar da abubuwa da yawa a hanya, har da rabin Hausarsu, amma wankan jego ba su zubar da shi ba. Mace in ta haihu, safe da yamma za a tafasa mata ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata har ta yi arba'in. Itacen wannan wanka kuwa a wuyan miji yake. Tun ciki na wata bakwai ake fara ganin tarinsa a ƙofar gida, daga waje inda kowa zai gani. Mata in za su wuce sai sun dube shi da gefen ido, su auna tsawonsa da na zana. Da wannan tarin ake sanin matsayin mace a wurin mijinta, ba sai an tambaye ta ba.

Duk na san wannan. A cikinsa na girma. Sai dai a lokacin na riga na yanke hukunci cewa mutanenmu suna shan wahala ne don ba su taɓa ganin sakhan ba, kuma Allah ya aiko ni in fitar da su.

Na fara da surukina, Baba Alhaji, dattijo manomin riɗi mai ƙarancin magana. A al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Na je na durƙusa na roƙe shi ya bar Hawa ta haihu a gidana, mahaifiyarta Hajja ta zo ta zauna da ita, don ina shirya mata wani gata da babu macen da ta taɓa samun irinsa a unguwar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tayyib. Kai ne ka ga duniya. Ni dai amanarta nake ba ka." Na tashi ina jin daɗi, a zatona yabo ne.

Daga nan na shiga aiki. Na sa aka sayo mini sakhan daga Khartum, kuma babba, don mai kula da masaukin nan ya ce ƙarama ba ta wadatarwa, tunda ruwa yana shigowa da sanyin ƙanƙara. Ya ce ba a barin ta a waje, sai a cikin gini. Gidanmu kuwa ɗakunan ciyawa ne masu zagaye, don haka na gina mata nata ɗaki na jan bulo, ita kaɗai, mu masu rai muna kwana a ƙarƙashin ciyawa. Ya ce tana son wayarta daban mai kauri, da fis nata, da ɗan bututun da zai fitar da tururi kada ta fashe. Duk na yi. Ya ce bututun da ke kai mata ruwa dole a binne shi da zurfi, don in ƙasa ta daskare kada ya tsage. Na sa aka haƙa rami har ƙugu a baƙar ƙasar Gadarif, wadda tun da Allah ya halicce ta ba ta taɓa daskarewa ba, sai dai ta tsage don ƙishi. Ragowar bututun da ya fito fili kuwa na naɗe shi da bargon ulu da na zo da shi daga can, na ɗaure da igiya.

Mai aikin famfon da na ɗauka mutum ne mai ladabi, wanda bai taɓa ce wa kuɗi a'a ba. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Tamam, ya Bashmuhandis." Da na ce a naɗe bututu saboda sanyi, shi ne ma ya ba da shawarar a ƙara buhun dawa a kan bargon, don kada a yi sake.

Akwai wata 'yar matsala da can ba a gaya mini ba: unguwarmu ba ta da ruwan famfo. Ruwa a karo yake zuwa mana, ganga a bisa amalanke jaki na ja. Wannan bai karya mini gwiwa ba. Na sa aka ƙera dogon marfa'in ƙarfe mai ƙafa huɗu (abin da Hajja ta riƙa kira hasumiya), na ɗora ganga a sama, na shafe ta da baƙin fentin da ya rage a wurin aiki don kada ta yi tsatsa. Daga gangar bututu ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa sakhan da jan famfo. Ɗayan, na ruwan sanyi mai shuɗin baki, na bar shi tsirara ya sauko ta jikin bango, don a ganina ruwan sanyi ba ya bukatar gata.

Ba zan faɗi abin da na kashe ba, don Hawa ta iya karatu. Abin da zan ce kawai, rabona na riɗin wannan shekara ya tafi, rediyo mai kaset da na zo da ita ta bi shi, ragon suna ma sai da ya ɗan rage tsawo. Na gwada aikin wata safiya cikin watan sanyi, ruwa ya zubo da ɗumi mai daɗi. Na tsaya a ƙarƙashinsa har na kusa hawaye.

Ita kuwa Hawa, cikinta na girma, ƙofar gidanmu fayau kamar an share don salla. Ba mace ce mai yawan magana ba, ta gado ubanta. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, na ga mijin Amna maƙwabciyarmu ya tara itace har ya wuce zana."

Na ce, "Allah sarki. Ci baya ne ke damun sa."

Bayan kwanaki ta sake cewa, "Ko ɗan kaɗan ne ka ajiye a ƙofa. Ba sai an ƙona ba."

Nan na gyara zama na yi mata lacca a kan hayaƙi da huhu da sare dazuzzuka, na kawo mata misalin matan can da ke haihuwa ba su taɓa ganin murhu ba. Na ce itacen da ba za a ƙona ba mene ne amfaninsa? Ta dube ni, ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni a lokacin na ɗauka hujjata ce ta gamsar da ita. Na lura dai ta daina zama a ƙofar gida da yamma, ta daina zuwa barka da biki, amma na ce nauyin ciki ne.

Haihuwa ta zo a tsakiyar bazara, irin lokacin da ko inuwa ƙuna take yi. Da hantsi aka sauka lafiya, mace. Kafin azahar tsakar gida ta cika da mata 'yan barka, wasu a tabarma, wasu a bakin gado, ana ta zuba shayi. Wurina a waje yake tare da maza, kowa ya san haka. Amma na ga lokacin wankan yamma na matsowa, kuma ga taron da na daɗe ina jira. Na shiga ɗaki na zura kwat ɗina na can (mai kauri, mai gashi a wuya), na yi gyaran murya, na kutsa cikin mata.

Suka ja mayafi, aka yi mini mabruk, wato barka. Hajja tana tsugune ta jera duwatsun murhu, ta ɗora tukunya babu komai a ƙarƙashinta. Wata dattijuwa, goggon Hawa da ta zo tun safe, ta ce, "Bashmuhandis, barka da arziki. Yanzu muke tambayar itace, Hawa ta ce mana kai ba ka sayen na kasuwar nan. Ta ce itacen talha ka aika a saro maka tun daga garin Hawata, busasshe, yana hanya. Sahi, gaskiya haka ake son miji."

Mai hankali a nan zai tsaya. Zai ji sunan Hawata, ya tambayi kansa daga ina wannan zance ya fito, ya gane cewa matarsa, wadda ko zama ba ta iya yi sosai, ta kwanta a ɗaki tana ƙirƙiro masa mutunci. Ni dariya na yi. Dariya mai sauti.

Na ce, "Wane itace, Goggo? Wace Hawata? Ni ban aiki kowa ba. Gidan nan ko tsinke ba za a ƙona ba. Hawa ba ta fahimce ni ba ne. Ku taso ku ga yadda ake yi a can."

Ƙofar ɗakin Hawa a buɗe take, na hango ta a kwance, ta ja zane ta rufe fuskarta. Na gani da idona, amma sai na ce kunyar haihuwar fari ce. Hajja ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da gyara dutsen da ya riga ya zauna daidai.

Na ja su zuwa ɗakin bulo, suka biyo ni don ladabi. Na nuna musu tukunyar, na nuna waya, na nuna bargo, na bayyana musu haɗarin daskarewar bututu, gumi na bin bayana kamar an kwara mini. Sannan na ajiye bokiti, na ce Hajja ta matsa baya kada ta ƙone, na murɗa jan famfo.

Ruwa ya zubo. Babu tururi. Hajja ta sa yatsa, ta sa tafin hannu, ta tsoma har gwiwar hannu, ta bar shi a ciki tana kallon bango. Ashe tun safe aka ɗauke wuta, ni ban sani ba don rana ce. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa, ya zauna a tukunya mai rufi biyu, a cikin ɗakin bulo, a bayan bargo. Duk gatan da na yi masa don kada sanyi ya shige shi, shi ya hana zafin Gadarif shigarsa. Goggo ta tsoma hannu ita ma, ta ce, "Ikon Allah. Ya fi na randa. Wata ta miƙo mini kofi."

Ta sha kuwa. Ta miƙa wa ta kusa da ita.

Na rikice. Na ce lallai mai aikin ne ya juya bututun, bari in nuna musu bambanci. Na murɗa shuɗin famfo na tara hannu biyu da ƙarfin hali. Ruwan nan tun safe yake cikin baƙar ganga a saman hasumiya, ya sauko ta ƙarfe tsirara da rana ta gasa. Bai tafasa ba, amma ya isa ya sa magidanci mai kwat ya daka tsalle ya ambaci sunan uwarsa. Na yi baya na taka bokiti, ruwan sanyin ya malale a ƙafafun baƙi. Babu wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Hajja ta taɓa na shuɗin da yatsa, ta ce a hankali, "Ma'alesh, ya waladi, yi haƙuri ɗana. Ko wannan ɗin bai kai na jego ba."

Ina tsaye ina hura yatsu sai jaki ya yi kuka a ƙofar gida, wata murya ta ɗaga da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji: "Salamu alaikum, masu gida. Ga itacen Bashmuhandis daga Hawata ya iso. A ina za a sauke?"

Muka fito gaba ɗaya. Amalanke ce shaƙe da talha, jajir, busasshe, an ɗaure shi ya yi tsini. A bayanta da ɗan nisa ga Baba Alhaji yana tafe da sandarsa, kamar wanda hanya ce kawai ta haɗa shi da jakin. Ƙafafunsa sun yi fari da ƙura. Kallo ɗaya na yi masa na gane komai. Dattijon nan ya ga ƙofar gidan 'yarsa fayau wata da watanni, bai ce mini uffan ba. Ya sayo itacen da kansa, ya biyo shi a ƙafa cikin wannan rana, ya kuma koya wa mai amalanke sunan da zai kira. Shi da 'yarsa sun haɗa baki su rufa mini asiri, ni kuwa na riga su yaye shi da hannuna kafin jakin ya iso.

Shi bai san abin da na faɗa a ciki ba. Matan sun sani. Suka tsaya suna kallona, suna kallon itace. Sai Goggo, Allah ya jiƙanta, ta tafa hannu ta ce, "Ai ho. Ashe wasa yake mana. Bashmuhandis, haka ake zolayar tsofaffi a can?"

Ƙofa ce ta buɗe mini, ƙanƙanuwa, wadda ba a shiga sai an rusuna. In na ce ba nawa ba ne, na ƙaryata matata karo na biyu a yini ɗaya, na kuma tona dattijon da ke tsaye a rana saboda ni. In na ce nawa ne, na haɗiye laccata duka, na karɓi yabon abin da ban saya ba, a gaban wanda ya saya. Na dubi Baba Alhaji. Yana kallon ƙasa, yana jan carbi.

Na ce, "E, Goggo. Wasa nake yi."

Matan suka yi shewa, suka shiga sa mini albarka, kowace ta san ƙarya ce kuma kowace ta taya ni riƙe ta. Baba Alhaji ya matso ya ba ni hannu, ya kama daidai yatsun da suka ƙone, ya ce, "Barka. Ka iya zaɓen itace." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na tuɓe kwat na rataye a zana, na shiga sauke itace da kaina, ina jera shi a waje inda masu wucewa za su gani. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a gidanmu, tukunyar Hajja na ɓararraka.

Sai bayan suna na samu ƙarfin halin shiga wurin Hawa in ba ta haƙuri. Na fara da cewa laifin masu wuta ne. Ta bar ni na gama, tana jijjiga jaririya, sannan ta ce, "Malam, ni ban taɓa shakkar ruwanka zai yi zafi ba. Amma ruwan zafi a banɗaki yake, ni kaɗai zan san da shi. Wata uku ina ɓuya a ɗaki don kada a tambaye ni me na yi maka." Na kashe riɗin shekara guda don in nuna ina son ta, ita kuwa duk tsawon lokacin unguwa na karanta akasin haka a ƙofar gidana.

Daga ranar na rage cewa "a can". Na kuma koyi cewa in matarka ta ce maka "to" a taƙaice bayan ka gama dogon bayani, ba nasara ka yi ba, an dai bar ka da halinka ne. Baba Alhaji har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, kuma bai bari na tayar ba. Sau ɗaya na gwada, na ce, "Baba, game da itacen nan..." Ya katse ni ya ce, "Wanne? Naka na Hawata?" Dole na ce e. Haka na ci gaba da amsa godiyarsa har ƙarshen ransa.